Ofishin da Ba Shi da Oga

Tun da na dawo daga Jos ban sha shayi da kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencinmu na bakin tsohuwar tashar jirgin Kafanchan sai a taso ni: Baba Yohanna, yaya Jos? Baba Yohanna, da gaske an sa ka a kwamfuta? Na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Ran Lahadi a coci wata 'yar zumuntar mata har barka ta yi mini da dawowa daga ƙasar waje. Shi ya sa na ce bari in rubuta da hannuna kowa ya huta. Kuma in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne.

Autata Rahila ce ta jawo tafiyar. Ni karatuna a firamare ya tsaya, can Kagoma, ranar da babana ya duba ya ga na fi amfani a gonar doya. Sauran ilimina a reluwe na tsince shi, ina ɗaga wa jirgi tuta. Ita kuwa ta yi kwalejin Gidan Waya, ta wuce jami'a, yanzu tana Jos tana abin da ta kira bincike.

Da ta zo gida na ce, "Binciken me? Sata aka yi?"

Ta ce, "Sauyin yanayi, Baba."

Na ce, "Wannan ai ba sai an je Jos ba. Zo mu je ki ga cittata."

Ta ce ita ba ruwan sama take aunawa ba, mutane take bi. Duk lokacin da aka tashi yin wani abu a kan matsalar, sai ka ga wasu sun sa ƙafa. Su wane ne, yaya suke yi, wa ke tsaye a bayansu, shi take nema. Ta tuna mini da abin da duk kun sani. Shekarun baya dattawan ƙasarmu sun so su sa doka cewa ba a sare ɗorawa da kaɗanya don gawayi, wanda kuma ya kayar da itace ya dasa wani. Aka sa ranar taro aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa. Ranar da aka samu aka zauna, sai ga motoci cike da mutanen da ba wanda ya san ubansu, suna ihu za a kashe talaka da yunwa. A nan maganar ta mutu. Rahila so take ta san wanda ya cika motocin. Ta ce ba matan da ke ƙona buhu ɗaya a bayan gida take nufi ba, manyan dillalan da ke loda tirela zuwa bakin teku take nufi.

To mutumin da ya sani abokina ne tun muna samari, Garba Dogo, ɗan cikin kasuwar Kafanchan, wanda ya daɗe yana ja wa dillalan nan tirela. Yanzu gwiwa ta zaunar da shi a Bukuru. Ya yarda zai yi magana, amma da sharaɗi. Na farko kada sunansa ya fita, domin ɗansa Nura har yanzu a wurin dillalan yake lodi da mota, kuma da motar nan gidan ke ci. Na biyu, ya ce ba zai buɗe baki a gaban na'ura ba sai yana ganin mummunar fuskata a gefe.

Kun ji ko? Ilimin jami'a guda ya tsaya cak yana jiran mai tuta.

Rahila ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, maganar nan kada mutanen waje su ji."

Uwarta Saratu tana tankaɗe a gefe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Shi kika ba sirri? Gara ki ba mai shelar kasuwa, shi yana hutun Lahadi."

Ban kula ta ba. Manyan mutane ba sa biye wa irin wannan.

Ranar tafiya na fito da kwat ɗina ta zuwa coci, da doya a buhu, da citta, da jarkar manja da Saratu ta rantse ta ɗaure bakinta da leda. Aka cusa ni a ƙaramar mota tsakanin wani mai tallan magani da ya sha taye da wata mata daga Fadan Kaje da ke kai wa ɗanta acha. Jarkar a kan cinyata, domin but ɗin motar ya cika.

Mun wuce Kagoro kaɗan sai muka tarar da tirelar gawayi tana rarrafe a gabanmu, an yi mata lodi har ta fi gidan sama tsawo, ba halin wucewa. Matar ta yi tsaki ta ce ga dajinmu can yana tafiya Legas. Mai taye ya gyara murya ya ce wannan duk zancen banza ne, shi ya ji a rediyo: itace ba ya kiran ruwa, ruwa na Allah ne, masu cewa a daina gawayi so suke su ƙwace tuwon talaka.

Matar ta ce, "Ni ban sani rediyo ba. Mama na yana shuka sau ɗaya ya girbe. Ni bana na shuka, ruwa ya gudu, na sake shuka. Rediyo ne zai ba ni iri?"

Jama'a, a nan na san ni namiji ne. Magana ta taso mini tun daga cibiya, ta zo wuya, ta tsaya a bayan haƙora tana buga ƙofa. Ga ni da sunan wanda ya san komai, ga mai taye yana baje jahilci. Amma waɗannan mutanen waje ne. Na sayi gyaɗa ta taga a Gidan Waya na dinga ɗura wa bakina, don ya samu aikin yi.

Sai iyaka. Masu cewa ba iyaka tsakaninmu da Filato ba su taɓa tafiya da doya ba. Bayan mararrabar Fores wani mai riga mai ƙyalli ya jawo katako mai ƙusoshi ya tare hanya, ya leƙa but, ya ce doyar wane ne. Na ce tawa. Ya ce ina takarda. Na zaro katina na tsohon ma'aikacin reluwe na miƙa masa da hannu biyu, yadda na ga ana miƙa fasfo. Ya juya shi gaba da baya ya ce, "Baba, wannan ai tare da jirgin ya mutu." Muka daidaita a kan doya ɗaya, ƙarama, mai ɗan tabo. Bizar da na shiga Filato da ita ke nan.

A Hawan Kibo motar ta fara tari, kunnuwana suka toshe, sanyi ya shigo ta ƙafar wando ba sallama. Direba ya faɗa wani rami, jarka ta yi tsalle, ledar Saratu ta ci amanar Saratu. Na isa Jos rabin kwat ɗina ja wur, kamar wanda aka yanka bai mutu ba.

Rahila ta tarbe ni a tasha, ta yi dariya har ta dafa mota. Masaukina ɗakinta ne, ciki ɗaya, ita ta koma wurin ƙawarta. Ta ba ni gwaten acha mai zafi da yakuwa, na ce wannan namu ne, aro suka yi. Ta ƙara mini da soyayyen dankalin Turawa, wanda mutanen can ke ci safe da rana kamar an yi musu wasiyya. Da gari ya waye na taɓa ruwan bokiti da yatsa, na wanke fuska da ƙafa, sauran jikin na bar wa Ubangiji. Kwat kuwa tana jiƙe a baho, don haka Rahila ta ba ni suwaitarta mai ruwan hoda, da ɗan fure a ƙirji. Da ita na tafi aikin bincike.

Yanzu ku saurara, ga inda labarin yake.

Wurin aikinta a saman wani bene yake, su suna ce masa hob. Ɗaki ne babba, fes, wuta ba ta ɗaukewa don rana suke tarawa a kan rufi. Dogayen tebura, matasa sun jeru kowa da kwamfutarsa, kowa ya toshe kunne da waya. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Salama a gare ku, sannunku da aiki." Ko tari ba wanda ya yi. A garinmu in ka gai da mutum bai amsa ba, ko kurma ne ko kuna shari'a. Rahila ta ja hannun suwaitar ta ce a nan ba a gaisuwa da ƙarfi. In za ka yi waya, akwai wani akwatin gilashi a lungu, sai ka shiga ka rufe kanka kamar kifi a kwalba. Akwai firiji, kowa ya rubuta sunansa a kan abincinsa, ba mai ce wa wani bismilla. Akwai wani baƙin kofi da suke sha ba sukari, na kurɓa na tuna maganin shawara na kakata.

Duk da haka wurin ya burge ni. Na ƙirga kawunan da ido na ce a raina, ashe yarinyar nan ba ita kaɗai take yaƙin ba, ga runduna guda. Domin ni abin da na sani ke nan. A reluwe duk wanda ke ƙarƙashin rufi ɗaya na oga ɗaya ne, daga mai sayar da tikiti har mai share dandamali. A gona ma wanda kuka jera kunya da shi naka ne. Ban tambaya ba, don ban ga abin tambaya ba.

Garba sai bayan azahar zai zo. Rahila ta ce za ta sauka ta sayo batirin na'urar ɗaukar magana, ta nuna mini wurin zama. Wani ƙaton buhu ne mai launi a ƙasa, wai kujera. Na zauna da mutuncina, buhun ya haɗiye ni. Gwiwoyina suka zo daidai kunne. Na yunƙura, ya ƙara ja na. Ina cikin wutsil-wutsil kamar kunkurun da aka kifar, sai wani mutum mai ƙiba da fara'a ya cire wayar kunnensa ya taso ya ciro ni da hannu biyu.

"Sannu Baba. Kujerar nan ta kayar da waɗanda suka fi ka. Daga ina?"

Ya ce sunansa Mista Gyang. Ya tambayi gida, ya tambayi Mama, ya tambayi hanya, har ya san Kagoma, ya ce doyarmu ba ta da ta biyu. Na ce yau ga ɗan da aka haifa a gida. Na kwance ƙullin gasasshiyar doya da na ɓoye wa Rahila a aljihu, muka ci tare a kan teburinsa, abin da na tabbata ba a taɓa yi a ɗakin nan ba.

Ya ce, "Ziyara ka kawo wa Rahila?"

Na ce, "Ziyara? Aikinku na zo ɗagawa."

Ya ce, "Wane aiki?"

Na matso kusa, na rage murya yadda masu sirri ke yi, wato dai har teburi na uku ana ji. Na ce ai ni ne mai kawo Garba Dogo. Ya ce wane Garba. Na ji haushin Rahila da ba ta sanar da abokan aikinta ba, na ce bari in gyara mata. Na faɗa masa Garba na Bukuru, tsohon direban dillalan gawayi, uban Nura. Na faɗa masa taron da aka watsa da motocin da aka cika. Duk abin da gyaɗa ta danne a hanya ya fito, har da riba. Yana ta cewa, "Ikon Allah. Ka ce Garba Dogo?" Ni kuwa ina ƙara buɗe ƙirji, furen suwaita yana ƙara faɗi.

Can ya ce in ba shi minti ɗaya, ya shiga akwatin gilashi da wayarsa. Ina hango shi yana magana yana dariya, har ya ɗago mini hannu. Ni ma na ɗaga masa.

Da ya fito na ce, "To kai wane ɓangaren binciken aka ba ka?"

Ya ce, "A'a, ni talla nake haɗawa, Baba. Rediyo, saƙon waya, duk wanda ya kawo aiki. Bari ka ji hannuna."

Ya sa mini waya a kunne. Aka buga ɗan kiɗa mai daɗi, sai wata murya mai taushi kamar ta fasto ta ce: itace ba ya kiran ruwa, ruwa na Allah ne, kada ka bari a ƙwace tuwon talaka.

Kalma da kalma abin da mai taye ya faɗa a mota. Na zare wayar daga kunnena.

Na ce, "Kai ba yaron ogan su Rahila ba ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Wane oga? Nan ba oga, Baba. Kowa kujera yake haya. Wancan takalma take sayarwa ta waya, wancan zanen gida yake yi, na kusa da taga ban ma san sunansa ba."

Ofis ba oga. Na rayu har na yi furfura ban san akwai irin wannan abu a duniya ba.

Rahila ta shigo da batir a hannu da waya a kunne, fuskarta ta canza. Nura ne ya kira ta. An aiko masa daga wurin lodi cewa gobe kada ya kawo mota, sai an zauna da babansa tukuna. Tana ta cewa, "Ta yaya? Ban faɗa wa kowa ba." Ta juyo ta ga ni, ta ga Mista Gyang, ta ga ɓawon doya a kan teburinsa. Karatu ba ƙarya ba ne, nan take ta gama binciken.

Ta ja ni baranda ta yi mini magana da yarenmu, abin da ba ta yi sai zance ya yi nauyi. Na ce ai cewa ta yi mutanen waje, ni kuwa a ciki na yi magana. Ta ce ta yi wata da watanni tana lallashin mutumin nan, kuma ta yi masa alkawari da bakinta cewa ba abin da zai taɓa ɗansa. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi.

Mista Gyang ya leƙo ya ce shi fa bai san sirri ba ne, kwastomansa mai tallar nan, wani dillalin gawayi, kawai ya kira ya tambaya ko ya san wani Garba. Rahila ta dube shi har sai da ya mayar da kansa ciki.

Muna nan tsaye sai muka ji ana hawa bene, ƙwas, ƙwas, da sanda. Garba Dogo ne cikin babbar riga, ya rame amma tsawon na nan. Ya tsaya a ƙofa ya rangaɗa sallama irin ta tashar mota, wadda ke tayar da kwandasta daga barci. Wallahi duk ɗakin sai da suka cire wayar kunne, har da masu amsawa.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yohanna, rigar wa ka sato?"

Rahila ta durƙusa ta ce, "Baba Garba, ka yi haƙuri. Laifinmu ne. In ka fasa, ban ga laifinka ba."

Ya ce, "Tashi, 'yata. An kira ni daga wurin dillalan. Wanda na goya a tirela yana yaron mota, yau shi ke ce mini in iya bakina. Ina na'urar?"

Ta ce za ta ɓoye sunansa kamar yadda aka yi alkawari.

Ya ce, "Sunan da ya riga ni isowa? Rubuta shi. Garba Dogo. Ki sa har da Dogon."

Ta nemi wani ƙaramin ɗaki mai ƙofa, muka shiga mu uku, ta kunna na'ura. Jama'a, ban taɓa jin daɗin zama irin na ranar ba. Garba ya zuba. Ya faɗi yadda aka aika shi wasu garuruwa masu nisa ya kwaso 'yan zaman tasha, aka ba kowa burodi da lemo. Ya faɗi yadda aka koya musu abin da za su yi ihu a kai tun a cikin mota, ana bita kamar mawaƙan coci, har wani ya iya sosai ya fashe da kukan gaske alhali bai san sunan garin da aka kai shi ba. Ya faɗi gidajen da ya kai buhunan gaisuwa duk lokacin da ranar taro ta matso, da yadda washegari sai a ji an ɗaga. Rahila tana tambaya a hankali, tana sake tambaya ta wata hanya, tana cewa wannan da idonka ka gani ko ji ka yi. Inda ya ce ji ya yi, sai ta ware shi daban. Na dubi yarinyar nan da na goya zuwa gona na ji kamar in tashi in yi rawa. Sau biyu na buɗe baki zan taimaka, sau biyu suka juyo tare suka dube ni.

Da muka fito, kujerar Mista Gyang ba kowa, wata yarinya ma har ta zauna a kai da kwamfutarta. Haka wurin yake.

Na raka Garba ƙasa neman keke mai ƙafa uku. Iska tana kaɗawa, zuciyata fari tas. Rahila ta samu fiye da abin da ta nema, har da suna. Na lissafa abin a raina na ga in aka bi shi daki-daki, ai ni ne na buɗe ƙofar. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ka gani ko, Dogo? Da ban yi magana ba, da yanzu kana can kana ɓoye-ɓoye kamar ɓarawon akuya. Bakina ne ya 'yanta ka. Ya kamata a sa sunana a littafin nan."

Amsar da ya ba ni ita kaɗai ce ban taɓa faɗa muku a benci ba. Ya sa ƙafa ɗaya a keke, ya jawo mai ciwon da hannu, ya gyara sandarsa, sannan ya dube ni.

"Kai gobe mota za ka hau ka koma Kafanchan ka ba da labari. Nura fa, gobe ina zai je?"